Ciwon ƙugun Baba ya sauko ƙafa, tsufa ne ko mu kai shi asibiti?

Maman Ilham:
Slm jama'a barkanmu da dare, dan Allah shawara nake nema akan mahaifinmu. Ya haura shekara 60, kuma tun muna yara yana da ciwon ƙugu irin na manoma, in ya dawo gona a shafa mai man zafi a daddanna mai, kwana biyu ya ware ya koma aikinshi. Amma wannan karon daban ne wallahi, tun bayan girbi ciwon ya sauko mai ƙafar hagu tun daga ɗuwawu ta bayan cinya har yatsa, yanzu kuma ta dama ma ta fara. Ɗazu da na je gida yana tafiya daga zaure zuwa ɗaki silifarshi ta zame ta tsaya a baya, shi ko bai ma sani ba yana ta jan ƙafar sai da ƙanina ya ɗauko mai. Shi dai cewa yake girma ne, in an yi maganar asibiti ya ce kar a ɓata kuɗi. Ni hankalina bai kwanta ba

Baban Sadiq:
Wslm. Allah ya ba Baba lafiya. Maman Ilham wannan basir ne ya yi mai yawa, duk namijin da ya manyanta in kin ji ciwon ƙugu toh ki binciki basir da maiƙo. A samo mai jiƙo mai kyau ya sha ya wanke ciki, zaki ba ni labari.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya ƙara sauƙi 'yata. Mu da muka kwana biyu a duniya waye ba ya fama da ƙugu? ni nan da asuba sai na dafa gado nake miƙewa. A kira wanzami ya yi mai ƙaho, a rage mai aikin gona, shekaru ne kawai

Ɗan Adaidaita:
Anti akwai haɗin da nake saya a kemis ɗin layinmu, ƙwaya huɗu ne a ƙulle a leda, in na sha da dare da safe garau nake tashi. In kina so na turo miki hotonshi

Anti Nas:
Dan Allah kar a turo hoton komai tukunna. Maman Ilham maganar silifar nan ita ta tsaya min a rai. Wanda tsufa kawai yake damu yana jin ciwo, yana taurin jiki da safe, amma ƙafarshi tana riƙe takalmi. In takalmi yana fita mutum bai sani ba, ko yana yawan tuntuɓe saboda gaban ƙafar ba ya ɗaguwa, toh jijiyar da ke ɗaga ƙafar ce ta fara rauni, kuma daga ƙugu ake danne ta yawanci. Bari na taɓo Dakta in yana kusa.

Dakta:
Ina nan, na karanta. Maman Ilham sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da kika lura. Kafin kowa ya ba da magani akwai tambayoyin da nake so a yi wa Baba yanzu, ba gobe ba. Fitsarinshi ya canza a 'yan kwanakin nan? wato yana jin marar ta cika amma ya kasa yi, ko yana zubowa bai sani ba. Bayan gida fa, yana iya riƙewa? Sannan wurin zama, matse-matsi da gaba da dubura, yana jin wurin yadda ya saba ko ya mutu? A kuma sa shi ya gwada tsayawa a kan dunduniya ya ɗaga yatsun ƙafa sama, wani ya riƙe shi kar ya faɗi.

Maman Ilham:
Innalillahi Dakta ta yaya zan iya tambayar mahaifina wannan, wallahi ko kallon idonshi ba na iya yi sosai balle maganar fitsari

Malam Na Islamiyya:
Maman Ilham kunya abu ne mai kyau kuma tarbiyya ce, amma ba dole sai ke da bakinki ba. Ki kira mahaifiyarku ki gaya mata abin da likita ya ce, ita ta san abin da ku ba ku sani ba, ko babban wanku namiji ya keɓe da shi. Manzon Allah SAW ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah. Dattawanmu da yawa lalurar da ta shafi tsarki ɓoye ta suke yi har ta ci ƙarfinsu, kuma ba taurin kai ba ne, nauyin 'ya'yansu suke ji.

Maman Ilham:
Toh bari na kira Inna

Baban Sadiq:
Dakta ni fa ina ganin ana tsorata baiwar Allah ne. Ciwon baya kowa na yi, in kowane mai ciwon baya zai tafi asibiti cikin dare ai layin sai ya kai titi

Dakta:
Baban Sadiq gaskiyarka a rabi. Ciwon ƙugu ya fi kowace lalura hana mutane aiki a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma kusan 9 cikin 10 ba wata muguwar cuta ba ce a ƙarƙashi, nama ne da gaɓoɓi suka gaji, yawanci cikin 'yan makonni yake lafawa ko an sha magani ko ba a sha ba. Irin wannan ni ma ba na tura kowa ɗaukar hoton baya. Matsalar ita ce ragowar 'yan kaɗan ɗin nan su ma da ciwon ƙugu suke farawa, kuma su ma tsufa ake ce musu a gida. Shi ya sa muke tambayar abin da ya biyo ciwon, ba ƙarfin ciwon kawai ba. Basir kuma a dubura yake, jijiyoyin jini ne suke kumbura a wurin, ba shi da hanyar da zai bi ya kashe wa mutum ƙafa.

Maman Ilham:
Jama'a na yi magana da Inna jikina rawa yake. Ta ce tun shekaranjiya in ya zaga sai ya daɗe, fitsarin ɗigo-ɗigo yake fita, marar ta kumbura, kuma ta ga yana canza wando a ɓoye yana wankewa da kanshi ya hana ta faɗa mana. Ta ce jiya ya ce mata in yana tsarki ba ya jin ruwan buta a wurin, sai dai ya ga ya jiƙe. Tsayuwar dunduniyar ma ƙanina ya ce ta hagu sam ba ta ɗaguwa

Dakta:
Maman Ilham ki saurare ni da kyau, a daren nan za a fita da Baba, kar a jira gari ya waye. Laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne suka bazu a cikin ƙashin baya kamar wutsiyar doki, su ne ke kula da ƙafafu da mafitsara da dubura da gaba. In wani abu ya danne su gaba ɗaya, yawanci faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne yake fashewa ya turo ciki, wani lokacin ƙari ne ko ƙurji, toh abin da Inna ta faɗa shi ake gani. Jijiyar da aka danne tana da lokacin da za ta iya jurewa, likitocin tiyata suna so a ɗage mata nauyin cikin awa 24 zuwa 48, in aka wuce ana iya yin aikin amma riƙe fitsari da bayan gida ba lallai su dawo ba. Ba na ce tabbas shi ne ba tunda ban duba shi ba, hoton MRI mai nuna laka da jijiyoyi ne zai nuna, amma da waɗannan alamun ba a kwana a gida.

Baban Sadiq:
Subhanallah. Amma Dakta tsaya, dattijo mai shekara 60 da wahalar fitsari ai furostet, ƙullun nan na ƙasan mafitsarar maza, shi ne ya fi yawa ko? mahaifina haka ya yi, roba aka sa mai aka ba shi magani

Dakta:
Tambaya mai kyau. Eh kumburin furostet yana toshe fitsari kuma ya zama ruwan dare ga dattawa, amma shi kaɗai ba ya sa wurin zama ya mutu, ba ya kashe ƙafa. Sannan ko da furostet ɗin ne, kansarshi ƙashin baya take yawan zuwa in ta bazu, daga nan ta danne jijiyoyin. Ka ga ta ko'ina aka bi asibiti ne. Fitsarin da ya taru ma kanshi dole a sa roba a fitar da shi yau, in ya daɗe yana komawa ya taɓa ƙoda.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai tsorona kar su ce tiyatar baya, ana cewa duk wanda aka taɓa wa baya ba ya ƙara takawa

Anti Nas:
Hajiya wannan maganar ta cutar da mutane da yawa wallahi. Abin da ke faruwa shi ne ana ajiye mara lafiya a gida wata da watanni ana jiƙe-jiƙe da ɗori sai ƙafafun sun riga sun mutu sannan a kawo shi, a yi aiki bai tashi ba, sai a ce tiyata ce ta gurgunta shi. Kowace tiyata tana da hatsarinta, likitan zai zaunar da su ya yi musu bayani kafin su sa hannu, amma a irin wannan halin zaman gidan ya fi aikin hatsari nesa ba kusa ba.

Maman Ilham:
Yaya ya tafi neman mota. Muna wajen Kano ne kaɗan, ina za mu nufa? akwai ƙaramin asibiti a garinmu

Dakta:
In ƙaramin asibitin a hanya yake ku tsaya su sa mai robar fitsari su rubuta muku takardar turawa, amma kar ku yarda a kwantar da shi a nan ana ƙarin ruwa. Ku wuce babban asibiti mai likitocin tiyatar laka ko na ƙashin baya, a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, ku shiga ta imajensi. Da kun isa kar ku fara da cewa ciwon baya yake yi, ku ce ya kasa fitsari tun shekaranjiya, wurin zamanshi ya mutu, ƙafafu biyu sun yi rauni. Ku tafi da duk magungunan da yake sha har da ledar kemis da na gargajiya. Kar a danna mai baya, kar a ja ƙafar, ya kwanta a kujerar baya yadda ya fi jin daɗi. Kuma kar a cika mai ciki da abinci a hanya ko za a buƙaci shiga da shi tiyata.

Maman Ilham:
Toh Dakta na gode Allah ya saka, mun kama hanya ku sa mu a addu'a

Malam Na Islamiyya:
Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne, Allah ya kai ku lafiya.

Hajiya Mai Atamfa:
Amin ya Allah. Toh ni yanzu kun sa na fara tunanin kaina. Nawa ba fitsari ba komai Alhamdulillah, amma in na taso daga gida zuwa bakin titi sai ƙafafun su yi min nauyi, cinyoyi da sha-raɓa su ɗau zafi kamar minjirya ta kama su, dole na nemi dakali na zauna, minti kaɗan ya sake ni na ci gaba. Abin mamaki in ina duƙe ina shara ko wanki ba na jin komai, tsayuwa a miƙe ce ba na iyawa, ko a layin biki

Mai Fisiyo:
Hajiya sannu, wannan bayanin naki ya yi kama da ƙuncewar hanyar da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin ƙugu, yana zuwa da shekaru, an fi ganinshi daga 50 zuwa sama. In mutum ya miƙe hanyar tana ƙara matsewa, in ya duƙa ko ya zauna ta ɗan buɗe, shi ya sa shara ba ta dame ki amma tsayuwa ta dame ki. Wasu dattawan za ki ga suna tuƙa keke mai nisa lafiya lau amma tafiya masallaci ta gagare su. Ba na gaggawa ba ne irin na Baba, amma kuma ba abin da za a ce tsufa ne a naɗe hannu ba, akwai motsa jikin da muke koyarwa a sashen gashi da ke taimakawa sosai, da rage ƙiba in akwai. Ki je a duba ki cikin satin nan ko na sama, a taɓa bugun jinin ƙafafun ma, saboda toshewar hanyar jini tana kawo ciwon ƙafa a tafiya, musamman ga mai suga ko hawan jini. In kika ga nisan da kike iya takawa yana raguwa da sauri, ko ƙafa ta fara ja, ko fitsari ya canza, toh ranar za ki tafi.

Anti Nas:
Tunda an buɗe maganar bari na ƙara wanda ya fi ci min rai a wurin aiki, tibin ƙashin baya. Mutane sun ɗauka tibi sai da tari, alhali yana kama ƙashin baya mutum bai taɓa tari ba. Kuma ba ruwanshi da tsufa, matasa da yara muke gani. Ciwon baya na wata da watanni a wuri ɗaya, zazzaɓin yamma, gumi da dare har a jiƙa zani, rama, rashin cin abinci, a yi ta maganin maleriya da taifot ba sauƙi, daga baya wani ƙashi ya turo a gadon baya kamar ɗan doro, sai ƙafafu su mutu, a nan ne za ka ji an ce jifa ne ko an taka wani abu. Na ga yarinya budurwa da aka kawo a kan tabarma an yi mata tsaga a bayan duk ya yi tabo, alhali maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, na ƙashin baya wata 12 ake sha, kuma da yawa in an fara da wuri suna miƙewa su taka. A yi addu'a a yi ruƙiyya ba wanda ya hana, amma a haɗa da gwaji.

Dakta:
Haka ne Anti. Ni abin da nake gaya wa mutane, ciwon gajiya yana bin aiki, in ka motsa ta wani gefen ya ƙaru, in ka kwanta ka huta ya lafa. Wanda ba ya lafawa ko an kwanta, yana tashin mutum daga barci tsakar dare kullum, ga rama ba dalili, wannan a bincika, balle ga macen da ta taɓa ciwon dajin mama ko tana da ƙullutu a nono, ko namijin da ke da matsalar furostet. Haka wanda ciwon ya fara mai bayan faɗuwa ko hatsari, ko yake tare da zazzaɓi mai zafi. In kuma a gefe ɗaya ne ƙasan haƙarƙari da zafin fitsari da amai, ƙoda za a duba ba ƙashi ba.

Ɗan Adaidaita:
Dakta toh ni nawa fa, wuni nake a zaune a kan mashin ga ramukan titi, da yamma ƙugun kamar zai ɓalle amma ba ya sauka ƙafa, in na kwana ya ragu. Wani ya ce na je na yi MRI

Dakta:
Naka da yadda ka faɗa na zama ne da girgiza, ban ga dalilin MRI ba yanzu, kuɗinka kawai za ka zubar kuma wataƙila ka tayar wa kanka hankali. An tattara binciken da aka yi wa mutanen da ba sa ciwon baya ko kaɗan a 2015, aka ga kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 hotonsu yana nuna faifan baya ya fara lalacewa, a 'yan shekara 80 kuma kashi 96. Ka ga in ka yi hoton da wuya a rasa abin rubutawa, kuma ba lallai shi ke sa ka ciwo ba. Abin da ya fi damuna da kai ledar nan ce ta kemis. Ka san me ke ciki?

Ɗan Adaidaita:
Gaskiya ban sani ba, akwai ja akwai fara ƙarama akwai kafso, shi dai yake haɗawa

Dakta:
Yawanci irin haɗin nan za ka samu diclofenac da ibuprofen ko piroxicam a tare, dukkansu dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara hatsarin olsa mai zubar da jini da ciwon ƙoda, balle kai da kake wuni a rana ba ka shan ruwa sosai. Farar ƙaramar kuma sau da yawa dexamethasone ce ko prednisolone, ita ke sa ka ji garau da safe, amma in an daɗe ana sha tana kawo suga da hawan jini, ta kumbura fuska, ta cinye ƙarfin ƙashi har ƙashin baya ya iya burmawa da ɗan ƙaramin abu. Wani har tramadol yake sakawa. In ka daɗe kana sha kullum kar ka yanke lokaci ɗaya, ka kai ledar asibiti a ga mene ne a ciki a janye maka a hankali, a auna maka jini da suga.

Mai Fisiyo:
Ƙari akan na Dakta, duk bayan awa ɗaya ko biyu in ka sauke fasinja ka fito ka miƙe ka ɗan taka, ka sa hannu a ƙugu ka lanƙwasa baya a hankali. Ka naɗe tawul ka sa a bayan ƙugu in kana tuƙi, ka cire walat daga aljihun baya. Kuma jama'a a daina kwanciya sati guda saboda ciwon ƙugu, kwana ɗaya ko biyu in ya yi tsanani ya isa, daɗewa a kwance ƙara sandarar da bayan yake yi. Ko wanda ciwon ya sauko mai ƙafa ɗaya, in dai ƙafar da ƙarfinta kuma fitsari lafiya, mafi yawa suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam sallah fa? tsayuwar tarawihi da ta asuba in liman ya ja sura ina shan wuya amma ina jin nauyin zama a kujera mutane na kallo

Malam Na Islamiyya:
Hajiya ki zauna abinki ba komai. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana da basir ya tambayi Annabi SAW game da sallah, ya ce mai ka yi a tsaye, in ba za ka iya ba a zaune, in ba za ka iya ba a kan gefenka, hadisin yana cikin Bukhari. Ki yi kabbara a tsaye in kina iyawa, in ƙafafun suka ɗau zafi ki zauna, ruku'u da sujada kuma tunda ba sa wahalar da ke ki yi su yadda kika saba.

Baban Sadiq:
Dakta tambaya ta ƙarshe, surukata ta haura 70, 'yan shekarun nan ta rage tsawo ta ranƙwafa, satin da ya wuce ta ɗaga bokitin ruwa ta ce wani abu ya soke ta a tsakiyar baya, tun ranar juyi a gado ma da kuka take yi. Ƙafafu lafiya, fitsari lafiya, an tambaya. Mai ɗori aka ce za a kira gobe

Dakta:
A dakatar da mai ɗorin dan Allah. Mata bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu yana yin laushi, ƙashin baya yana iya burmawa da ɗaga bokiti ko ma tari mai ƙarfi, rage tsawon da ranƙwafawar ma alamar an taɓa samun irin haka ne a baya ba a sani ba. In aka danna ko aka ja ana iya ƙara karya shi. Ku kai ta gobe da safe a yi mata eksire na baya, shi ba shi da tsada kamar MRI kuma yana nuna irin wannan, a ba ta maganin ciwo da ya dace da shekarunta, a duba jininta saboda a wannan shekarun akwai cututtukan ɓargo da ke zuwa da haka. A mota a sa mata filo ta jingina, direban ya bi ramuka a hankali.

Baban Sadiq:
Toh shikenan zan gaya wa maman yara ta kira gidan yanzu a fasa kiran mai ɗorin, da safe ni zan kai ta da kaina in sha Allah